Minti Talatin

A hunturuna na farko a Birmingham ciwon ya tashi da tsakar dare. Duk mai sikila ya san abin da sanyi ke yi masa, sai ka ji kamar ana sassaƙar ƙasusuwanka. Na isa sashen gaggawa ina nishi. Ma'aikaciyar jinya ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi sau nawa aka yi mini allurar morfin, maganin rage zafi mai ƙarfi, a watan. Na gane inda ta dosa. Haka na zauna a kujera har asuba.

Sai bayan watanni na ji cewa tun 2012 hukumar NICE, mai shimfiɗa ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a ba mai irin wannan ciwo maganin rage zafi cikin minti 30 da isowarsa. Wata baiwar Allah mai amfani da keken guragu ce ta faɗa mini, ita ce kuma ta jawo ni cikin masu sikila da masu nakasa baƙar fata da ke binciken halin da suke ciki da kansu. Malaman jami'a na taya mu nazari, amma tambayoyin namu ne.

A nan aka ja daga. Malaman sun rubuto, "Ka gamsu da kulawar da ka samu?" Muka ce baƙon da ke tsoron a ce ya cika ƙorafi ai "eh" zai ce. Muka mayar da ita, "Yaushe ka fasa zuwa asibiti alhali kana cikin ciwo, kuma me ya hana ka?"

Rahoton da wasu 'yan majalisar Birtaniya suka fitar tare da ƙungiyar Sickle Cell Society a Nuwamba 2021 kan jinyar masu sikila ya ambaci wariyar launin fata ƙarara. Amma abin da ya tsaya mini a rai hirar da na yi ce da wani magidanci, da Hausa, a falonsa. Na ce, "Yaya, me kake fara yi idan ciwon ya taso?" Ya yi shiru, sannan ya buɗe kabad ya nuna mini kwat a goge, an rataye ta gefe guda. Ita yake sakawa, hannu na rawa, kafin motar asibiti ta iso, don kada a ɗauke shi ɗan ƙwaya.

Na kashe na'urar ɗaukar murya na ɗan lokaci. Ni ma ina da mayafin da na ware don haka, ban taɓa faɗa wa kowa ba.