Asabar: yau muka buɗe adakar mijin Yaya

Ana idar da sallar asuba ɗan Yayata ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Maganar aurensa ta taso, gidan yarinyar kuma sun aiko da tambayar da kowane gidan mutunci ke yi: ɗan gidan wa ne, su wane ne dangin ubansa? Ni kawunsa ne, ɗakin uwa nake, bai kamata in shige gaba wajen neman aure ba matuƙar akwai baffa a raye. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya rasu yaron na ɗan shekara huɗu, kuma mutum ne da ba ya yawan zancen danginsa. Iyakar abin da muka sani shi ne mutanen Nafada ne. Jiya da daddare da yaron ya ce mini, "Kawu, ni fa ko sunan kakan babana ban sani ba," kansa na ƙasa, maganar ta tsaya mini a rai har barci ya gagare ni.

Muka nufi gidan Yaya a unguwar Jekadafari, nan cikin Gombe. Ta sa aka jawo adakar marigayin daga ƙarƙashin gado, ta ce rabonta da ita tun fitarta takaba. Ta miƙo mini mabuɗi ta koma kicin, na san ba aiki ne ya kira ta ba.

A ƙarƙashin tsofaffin riguna muka tarar da ƙunshin takardu a cikin leda, an ɗaure da kyallen atamfa. Yawancinsu ma ba na marigayin ba ne, na mahaifinsa ne, wato kakan yaron. Akwai rasiɗan haraji guda biyar, sun yi ja, gefensu duk gara ta ci. Da fam da sule aka rubuta kuɗin, ka ga ke nan sun girmi 1973, shekarar da naira ta shigo. Akwai katin aikin reluwe mai ɗan hoto, tsohon ya ƙura wa mai hoto ido, hularsa ta karkata hagu. Wannan ya yi daidai da abin da na sani, don a 1963 dogo ya iso Gombe a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, mutane da yawa kuma aikin nan ne ya ɗauko su daga garuruwansu. Sai takardar sayen fili da ajami, da sunayen shaidu uku a ƙasa.

Nan wahalar ta fara. Mutum ɗaya ne, amma suna uku muka gani. A rasiɗin haraji sunansa na yanka ne haɗe da sunan wani namiji a matsayin uba. A katin reluwe laƙabin ranar haihuwarsa aka sa, aka bi shi da Nafada. A takardar fili kuwa da sana'arsa aka kira shi. Mu dai ba mu da sunan gida guda da ke bin zuriya daga kaka zuwa jika. Kowa da sunan ubansa yake amsawa, in ya shiga makaranta ko aikin gwamnati a liƙa masa sunan garinsu. Manyanmu ma haka suka yi: Tafawa Balewa gari ne a Bauchi, Shagari gari ne a Sakkwato. Shi ya sa kana hawa sama da kaka ɗaya sai sawu ya ɓace maka.

Shekaru ma haka. Takardar rantsuwar shekarun marigayin ta ce 1 ga Janairu, 1960, irin ranar da ake ba duk wanda aka haifa a gida ba a rubuta ba. Amma cikin gafakar Alƙur'anin tsohon mun sami warƙa ɗaya da ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da tawadar allo. Na daɗe ina haɗa baƙi kafin in fitar da shi: watan Rajab, 1375. Yaron ya lissafa a wayarsa, ya faɗo farkon 1956. Kusan shekara huɗu tsakanin takardar kotu da rubutun uba. Ni na uban na yarda da shi, domin bai rubuta don neman makaranta ko aiki ba.

Abin da ya fi damuna, duk tarin takardun nan babu sunan mace ko ɗaya. Ba uwa, ba mata, ba 'ya.

Yaya ce ta tuna da wata tsohuwa a Bolari, amaryar kakan ce, ba su haihu tare ba, bayan rasuwarsa ta sake aure. Bayan azahar muka sayi goro da sabulu muka tafi. Tana jin ko wane ne ta kama hannun yaron ta riƙe, tana cewa, "Angona, sai yau ka tuna da ni?" Hawaye na zuba tana dariya.

Na ce, "Inna, sunan Malam na gaskiya muke so mu tabbatar." Ta ja mayafi ta rufe baki. Mutumin ya fi shekara arba'in a ƙasa, ta yi wani auren, amma har yau bakinta ba ya iya kama sunansa. Ta ce sunansa irin na limamin masallacin bayan gidan nan ne. Jikarta ta faɗa, ita kuma ta gyaɗa kai. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, tarbiyyar da aka yi musu ke nan, sai dai na fahimci yadda alkunya ke tafiya da sunaye kabari.

Da na karanta mata sunan da ke matsayin uba a rasiɗin haraji, sai ta ɗaga hannu. "A'a, ɗan nan, wannan ba shi ya haife shi ba. Riƙonsa ya yi. Ƙanen ubansa ne." Ashe uban na gaskiya ya tafi Makka a ƙasa ta hanyar Sudan tun Malam yana goye, bai dawo ba. Da mun bi takarda kaɗai, da mun ɗora yaron nan a kan reshen da ba nasa ba, mu kuma kai wa surukai haka da zuciya ɗaya.

Daga nan sai ta ɓalle. Ta kawo sunan uwargida da na uwarta, da unguwarsu a Nafada kusa da kogin Gongola, da wadda aka aurar Bajoga, da wadda ta rasu wurin haihuwa. Ta ce uwargida ta sha gaya mata shekarar zuwan Sarauniya ta haifi ɗanta. Na dubi yaron, ya dube ni: 1956 ne Sarauniyar Ingila ta zo aka yi mata hawan daba a Kaduna. Warƙar tsoho da bakin tsohuwa sun haɗu. Ta kuma ce Malam yana da wa ciki ɗaya da bai taɓa barin Nafada ba, 'ya'yansa maza biyu sun zo gaisuwar rasuwarsa, ɗayan yana da tabon ƙuna a wuya.

Yaron ya roƙi izininta ya naɗi muryarta a waya, kusan awa ɗaya da rabi.

Da magariba muka shimfiɗa bayan tsohuwar kalanda a tsakar gidan Yaya muka zana. Abin da takarda ta tabbatar da baƙin biro, abin da Inna ta faɗa da shuɗi. Shuɗin ya ninka baƙin. Matan duk muka sa su, kowace da sunanta. Yaya ta zo ta tsaya a kanmu da fitila, ta sa yatsa a kan sunan surukarta, ta ce ita ma yau ta fara jin sunanta na yanka.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu bi motar Bajoga mu wuce Nafada, mu fara da gidan mai unguwa. Yaron ya naɗe kalandar ya tafi da ita, katin reluwen kuma ya sa a aljihun gaban rigarsa.