Yadda na sha fama kafin in samu abin da zan rufe zanen ukulele ɗina

Ƙanena ne ya kawo min ita daga Kaduna, 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya 4 da ake kira ukulele, asalinta Hawai. Katakon fari fat ba ado, sai na zauna sati biyu na zana mata masuntan Argungu da gorunansu da homa a cikin kogin Matan Fada, da fentin akirilik, fari da shuɗi. Wallahi zanen ya yi min kyau, shi yasa hankalina ya tashi da na ga gumin hannuna ya fara cin shi.

Na je wurin wani dattijo kafinta nan Birnin Kebbi, yace yaro ai banish za ka shafa, nace to Baba. Allah ya taimake ni bayan jitar kawai na fara shafawa. Banish mai mai ne, kuma na lafta shi da kauri lokacin hunturu, ƙura dut ta manne, kwana uku yana danƙo, kuma tun a ranar farin ya koma kamar ruwan shayi, shuɗin ya ja kore. Ba laifin Baba ba ne, a ƙofa da kujera wanga launi kyau yake ƙarawa, a kan farin fenti ne yake ɓarna. Da sanfefa na kankare na sake zanen bayan.

Daga nan ban ƙara taɓa jitar ba sai na gwada. Na samo guntun filawud na shafa fentin iri ɗaya na kai wa mai fentin mota ya fesa min kiliya, wato fentin nan marar launi da ake fesa wa mota a ƙarshe don sheƙi. Sheƙi kam ba a magana, amma tinan da ke ciki ya sa fentin ya yamutse a gefe, sannan ga kauri, kuma fuskar ukulele ba ta wuce kamar milimita 2 ba, ita ke rawa ta ba da sauti, in ka ɗora mata nauyi muryar dushewa take.

Abin da ya yi min shi ne foliyuretan na ruwa, wani irin banish wanda ake wanke buroshinsa da ruwa ba da tina ba. A gwangwani kamar madara yake har na tsorata, amma in ya bushe garau. Na cire tsirkiyoyi, na rufe wuyan da ɗan katakon da tsirkiya ke hawa da salatif na takarda, na yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki na kulle taga saboda ƙura. Shafi 4 na yi siri-siri, awa 3 tsakani. Ban goga sanfefa ba sai bayan shafi na biyu, lamba 400 a hankali, don in ka yi gaggawa zanen za ka ci.

Wahalar ita ce jira. Da yamma ka taɓa ka ji ya bushe, amma bai ƙanƙare ba, yatsana ya bar shaida a gefe ɗaya har yau tana nan. Sati uku na rataye ta a inuwa kafin in mayar da tsirkiyoyi.

Yanzu ta ga bazara ta ga damina, farin yana nan fari, sautin ban ji ya sauya ba. Inda damtsena ke kwanciya ne kawai sheƙin ya ɗan ragu, can zan ƙara shafi ɗaya in hunturu ya wuce.