Ranar da lambun Versailles ya gajiyar da ni

Kuskurena na farko takalmi ne. Sabon sau-ciki na fata na sa don in yi kyau a hoto, na hau jirgin ƙasa daga Paris zuwa Versailles, tsohuwar fadar sarakunan Faransa, ban san tsakuwa zan wuni ina takawa ba.

Asalin wurin masaukin farauta ne da Sarki Louis na 13 ya gina a 1623. Ɗansa Louis na 14 ya faɗaɗa shi, a 1682 ya kwaso fadawa da gwamnati kacokan ya dawo da su nan. Ɗakin barcinsa na tsakiyar ginin, yana kallon gabas, kuma kowace safiya manyan ƙasa kan taru su ga tashinsa. Ni dai ban yi masa sha'awar wannan ba. Mutum ko miƙa ba zai yi cikin sirri ba.

Zauren madubai kowa ke rububin gani: tsawonsa mita 73, madubai 357 suna fuskantar tagogi 17. Da hantsi na shiga, lokacin cunkoso, sai ƙeyar mutane da wayoyi na fi gani. Duk da haka na ɗan tsaya, domin a nan aka sa hannu kan yarjejeniyar 28 ga Yuni 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda ta ƙwace Kamaru da Togo daga hannun Jamus.

Sai lambu. André Le Nôtre ya tsara shi yadda zai yaudari ido: daga bayan fada ka hango babban tafkin kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ka kama tafiya ya ƙi matsowa. An aske bishiyoyi sumul, hanyoyi miƙe sambal. Abin da ya fi kama ni shi ne labarin ruwa. Duk da injin Marly mai ƙafafu 14 da ke jawo ruwa daga kogin Seine, ruwan bai taɓa isar maɓuɓɓugan lambun duka a lokaci guda ba. Sai ma'aikata su riƙa buɗe wadda sarki ya doso, su rufe wadda ya wuce. Ashe har a Faransa an yi karɓa-karɓar ruwa!

Kafin in isa bakin tafkin dugadugaina sun yi bororo. Na zauna a ciyawa, na cire takalmin, na haƙura da zuwa gidajen Trianon, ƙananan fadojin da ke can cikin lambun. In Allah ya sake kai ni, sammako zan yi in ga zauren kafin jama'a su cika, sauran wunin na lambu ne, da tsohon kambas a ƙafata da gorar ruwa a jaka.