Yadda muka haɗa sito da ofis a masana'antar fenti

Fenti muke haɗawa, ƙaramar masana'anta ce, ma'aikatanmu ba su da yawa. Amma ko a haka, mai sayo sinadarai da masu haɗi da mai kula da sito da akanta dole su riƙa jin juna, kuma manhajar ERP, wato manhajar kwamfuta da ke haɗa lissafin saye da haɗi da sito da kuɗi, ita ce ta ɗaure su wuri guda. Kamfanin bincike na Gartner ne ya raɗa mata wannan suna a 1990, kodayake tun shekarun 1960 manyan masana'antu ke lissafin kayan aikinsu da kwamfuta, kuma a 1972 ne wasu tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa SAP, kamfanin da ke yin irin wannan manhaja, a Jamus. Mu ƙanana sai daga baya muka samu shiga, da zuwan irin su Odoo na Beljiyam da ERPNext na Indiya.

A ce dila ya aiko da odar bokiti 200 na farin fenti. Da an shigar, manhaja ta duba sito, ta keɓe masa abin da ke ƙasa, ta fitar da ragowar da za a haɗa. Kowane fenti yana da ma'auninsa a rubuce: farin garin titaniyam kaza, alli kaza, danƙo kaza, har bokiti da murfi. Da wannan take gaya wa mai saye abin da zai gaza tun kafin a kunna inji. Ranar da mota ta ɗauki kaya, sito ya ragu, bashi ya hau kan dilan, akanta bai sake rubuta komai ba, domin rumbun bayanan ɗaya ne.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne takunkumin. Ba a biyan mai kawo mana sinadarai sai takardu uku sun yi daidai: odar da muka ba shi, shaidar abin da sito ya karɓa, da takardar kuɗin da ya turo. Ya kawo buhu 48 ya rubuta 50, biya ya tsaya. Dilan da ya wuce iyakar bashinsa kuwa, ba a fitar masa da kaya sai na sa hannu, kuma sunana da lokacin suna nan a rubuce kamar na kowa. Wannan ya rage zargi tsakanin ma'aikata ƙwarai, kuma ina ganin ko don shi kaɗai manhajar ta biya wahalarta.

Wahalar tana farko. Sinadari ɗaya sai ka tarar kowane sashe da sunan da yake kiransa, dole a zauna a tsayar da suna ɗaya da lamba ɗaya. Har yanzu kuma duk ƙarshen wata muna ƙirga sito da hannu, saboda fenti yana zuba, buhu yana yagewa, manhaja kuma ba ta sani sai an shigar mata.