Kunkurun gidan maƙwabciyata

Wata huɗu da zuwana Phoenix, a jihar Arizona ta Amurka, maƙwabciyata ta roƙe ni in kama mata wani aiki a bayan gida. Ina leƙawa na yi turus. Wani ƙaton kunkuru ne ya haƙa rami a gindin shinge ya maƙale. Mu biyu da ƙyar muka ciccibo shi.

Da ta ji daga Nijar nake sai murna ta kama ta, ta ce ai ɗan ƙasarku ne, me kuke kiran irinsa? Na ce kunkuru. Ta ce wane iri? Na sake cewa kunkuru. Iyakar sanina ke nan, na tudu kunkuru, na ruwa kififfiya. Ita ce ta durƙusa tana nuna min ƙayoyin da ke cinyoyinsa na baya, ta ce da su ake gane shi. Sulkata ake ce masa, asalinsa yankin Sahel, kuma duk duniya kunkurayen tsibiran Galafagos da na Aldabra ne kawai suka fi shi girma, don namiji kan haura kilo 50. Tun 2000 Amurka ta hana shigo da su saboda kaska, wannan a nan aka ƙyanƙyashe shi.

Kunya ta rufe ni. Da irinsa na tashi a tsakar gidan kakana a Damagaram, muna hawa bayansa, muna zuba masa harawa, amma ban taɓa duba cinyarsa ba. Sai a ƙasar wasu, a bakin baƙuwa, na ji labarin abin gidanmu. Na dai gaya mata abin da ba ta taɓa gani ba: yadda namu kan shige rami duk bazara, ranar da ruwan farko ya sauka ya fito yana miƙa wuya, yara na ihu.

Daren nan na kira Inna. Na ce, "Inna, ina kunkurun Baba Tsoho?" Ta yi jim, ta ce, "Ɗan nan, ai tun rabon gado aka kyautar da shi. An sayar da gidan." Ba wanda ya gaya min. Ta wuce zancen bikin ƙanwata da za a yi bayan Sallah, tana tambaya ko zan samu zuwa. Na ce in sha Allahu, alhali takarduna ba su fito ba.