Laraba a Zanzibar: teku ma da jadawalinsa

Bayan karin kumallo muka gangara bakin ruwa kusa da lambun Forodhani a birnin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, ni da uwargida, wajen masu kwale-kwalen da ke kai mutane tsibirin Changuu. Sai da na tabbatar kuɗin da muka daidaita na zuwa da dawowa ne, domin na shiga tsibirin daban ake biyan sa a can. Ita kuwa ta ce ba ta sa ƙafa sai ta ga rigar kariya. Matuƙin ya yi dariya, ya ce, "Mama, ruwan yau kwance yake." Ta ce ya kwanta ko ya tashi, a kawo rigar. Aka kawo.

Kamar rabin awa muka yi a ruwa. An gina kurkuku a Changuu a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wurin killace masu cutar shawara aka mayar da shi. Abin da ke jawo mutane yanzu manyan kunkuru ne, waɗanda asalinsu guda huɗu ne da gwamnan Ingila na tsibiran Seshel ya aiko a 1919. Wasu sun haura shekara ɗari. Sun cancanci a gani, sai dai awa ɗaya ta isa. Kunkuru ba ya yin wani sabon abu don ka daɗe a kansa.

Da azahar muka shiga lungunan tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunan sun yi wa mota ƙunci, sai ƙafa da babur, ga inuwa, ga ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, daga waje muka kalle ta, tun da wani ɓangarenta ya rufta a Disambar 2020. Mun daɗe a cocin Angilikan da aka gina a filin kasuwar bayi bayan an rufe ta a 1873. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a wurin, mutum ba ya iya miƙewa sosai a ciki. Mun fito ba mai cewa komai. Yawancin mutanen garin Musulmi ne, masallaci bai yi mana wuyar samu ba, kuma ana so baƙo ya rufe kafaɗa da gwiwa idan yana cikin gari.

Aikin gaske bayan la'asar muka yi shi, a zauren masauki, muna neman inda za mu koma gobe. Ni hankalina yana kan Jambiyani, wani ƙauye a gaɓar gabashin tsibirin Zanzibar, saboda ba hayaniya. Mai masaukin ta ce, "Baba, wanka kuka zo yi ko kallo?" Ta jawo jadawalin cikar ruwa a wayarta ta nuna mana. Teku kan cika ya janye sau biyu a yini da dare, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Lokacin tsayuwar wata da tsakiyarsa cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. A gabas, wajen Paje da Jambiyani, gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, idan ruwa ya ja sai ka yi ta tafiya a kan yashi kafin ka cim masa. A lokacin ne matan ƙauyukan ke fita gonakinsu na ciyawar teku, wanda shi ma abin kallo ne. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ruwa yana da zurfi tun daga baki, ana iya wanka kusan kowane lokaci, shi ya sa otal-otal da jama'a suka fi yawa a can. Hotunan da masaukai ke sawa a intanet duk na lokacin cika ne, ba wanda ke ɗaukar gaɓarsa tana bushe.

Da muka duba, a wannan makon ruwa na cika da hantsi ne. Ke nan Jambiyani za ta yi mana: wanka da safe, yawo kan yashi da yamma. Nungwi mu bar ta zuwa ƙarshe, saboda faɗuwar rana ta can ake gani.

Wata 'yar'uwa ta aiko saƙo tana so su zo a Afrilu. Na ce ta sake shawara, daga Maris zuwa Mayu ne babbar damina, Yuni zuwa Oktoba ya fi. Na tuna mata katin rigakafin shawara, da inshorar tafiya ta dole da gwamnatin Zanzibar ta sa wa baƙi tun Oktoban 2024, da kuma riƙe fasfo a hannu ko da ta jirgin ruwa za su shigo daga Darussalam.

Da magariba muka koma Forodhani muka sha ruwan rake da citta da lemon tsami. Na ciri shilin isasshe, don na'urar cire kuɗi ba ta da yawa a ƙauyukan gaɓa, na kuma sayi takalman shiga ruwa saboda halittu masu ƙaya da ke ɓuya a tsakanin duwatsu. Mota za ta zo ƙarfe bakwai, in Allah ya kai mu.