Godiya bayan tafiyarmu gasar hokin ƙanƙara a Plaster Rock

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya kai mu lafiya ya kuma dawo da mu lafiya, na ga ya wajaba in fito fili in gode wa waɗanda suka ɗauki ɗawainiyata a tafiyar da muka yi daga Fredericton zuwa ƙauyen Plaster Rock, a lardin New Brunswick na ƙasar Kanada, inda ake gasar hokin ƙanƙara (wasan da ake zamiya a kan ƙanƙara ana tura ɗan faifan roba da sanda zuwa raga) ta 'yan sha'awa a kan tafkin Roulston da ya daskare a watan Fabrairu.

Godiyata ta farko ga abokan karatuna huɗu ne, waɗanda su ne 'yan wasan, kuma su suka matsa sai na bi su, ko da yake sun san ban taɓa riƙe sandar hoki ba. A hanya suka ba ni tarihin abin: a shekarar 2002 mutanen ƙauyen, da ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba, suka fara gasar don su tara kuɗin gina wa yaransu zauren wasan ƙanƙara, daga baya ta bunƙasa har ƙungiyoyi sama da 100 suna zuwa a fafata a filaye 20 da ake sharewa a kan tafkin. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, babu gola, ana yin minti 15 a huta a ƙara 15, ragar kuwa tsayinta inci 10 ne kacal, don haka dole a riƙa tura ɗan faifan robar nan a ƙasa, ba a ɗaga shi sama.

Abin da ba zan manta ba shi ne safiyar da ɗayansu ya durƙusa a gabana cikin wannan sanyin, ya tuɓe safar hannunsa, ya ɗaure mini igiyar takalmin nan mai kaifin ƙarfe a ƙasa, yatsunsa sun yi jawur, sannan biyu suka kama ni hagu da dama muka hau tafkin. Da na dubi ƙasa na ga ƙanƙarar baƙa wuluk da fararen tsagogi a cikinta, na tuna ruwa ne zurfafa a ƙarƙashina, sai gabana ya faɗi. Ba su yi mini dariya ba, ba su kuma sake ni ba sai da ni da kaina na ce su saki. Wasa biyu suka ci a gasar aka fitar da su, amma ni da aikina shi ne riƙon shebur ina taya su kwashe dusar ƙanƙara kafin a shiga fili, sun sa na ji kamar da ni aka buga.

Ina miƙa godiya ta musamman ga dattijuwar da ta sauke mu a gidanta. Tun kafin mu iso ta tambayi abin da nake ci da wanda ba na ci, ta ware mini tukunya ta dafa kifi, kuma kowace asuba sai in tarar ta ajiye butar ruwan ɗumi a bakin ƙofa saboda ta ji an ce ina alwala. Ba addininmu ɗaya ba, amma ta girmama nawa kamar yadda uwa take girmama abin da ɗanta ya riƙe da muhimmanci. Haka ma masu aikin sa kai na bakin tafkin, da suka nuna mini wani lungu mai ɗumi a cikin tanti na yi azahar da la'asar.

A hanyar dawowa, da daddare, a titin da ya bi gefen kogin Tobique zuwa Perth-Andover, motarmu ta zame ta afka cikin tarin dusar ƙanƙara a gefen hanya. Babu wanda ya ji ciwo, sai dai mun yi kusan awa guda muna haƙa da hannu abin ya gagara. Wani dattijo manomi da ya hango fitilarmu daga gidansa ya fito da tarakta da sarƙa ya janyo mu, muka yi juyin duniya ya karɓi wani abu ya ƙi, ya ce mu dai rage gudu. Ko sunansa ba mu samu ba. Baba, Allah ya saka maka da alheri.

Ga Hajiya da Alhaji a Katsina, da suka kwana suna addu'a tun da suka ji an ce a kan ruwa za mu tsaya, na gode, Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Rigar sanyin da abokina ya ara mini kuma na wanke ta, gobe in Allah ya yarda zan kai masa har ɗaki.